Sunan da Inna ta ƙi faɗa

A cikin duk cinikin da na yi a rayuwata, tun ina yawo da tiren gyada har Allah ya kai ni ga loda manyan motoci, akwai guda ɗaya da ba zan taɓa mantawa da shi ba, kuma ba hatsi aka saya ko aka sayar a cikinsa ba. Abin da ke kan faifai ba shi da yawa, amma kowanne da nauyinsa: ido ɗaya da ya rage wa mahaifiyarmu, da ɗanta na fari da ke wata ƙasar Turai yana jiran ta, sai kuma kakar gyada guda da na jingine don in kai ta wurinsa. Duka ukun nan sun kusa salwanta a kan kalma ɗaya tak, wato sunan wana.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, lokacin ba a yanke Rogo daga Karaye ba, duk wata takardar hukuma sai mutum ya hau mota ya je Karaye. Ni ban yi boko mai nisa ba, kasuwa ce ta rene ni. Da kaka in bi ƙauyuka, daga wajenmu har su Tudun Kaya, in sayi gyada da dawa tun suna araha, in kimsa a sito, in jira bazara. Yayana kuwa kansa na karatu ne. Gwamnati ta tura shi waje, ya gama, ya sami aiki a can, aka ba shi takardar zama. Matarsa ta bi shi ba tare da wata wahala ba, don ita ta yi makaranta, da hannunta ta cike takardunta.

Bayan rasuwar mahaifinmu idon Inna ya fara yin yana. Ina can wajen sayen kaya wani mai maganin gargajiya ya biyo ta unguwarmu, aka ba shi idon dama, ya taɓa, idon ya mutu murus. Daga nan ta rantse ba wanda zai ƙara kusantar na hagun. Na kai ta asibiti a Kano, likita ya ce aikin zai yiwu amma ga hawan jini ga ciwon suga, sai an yi taka-tsantsan sosai. Ta ce ta ji, a mayar da ita gida. Da labari ya kai wa Yaya sai ya aiko cewa dokar ƙasar ta ba shi damar ɗauko mahaifiyarsa ta zauna a ƙarƙashinsa, ya ɗauki nauyin cinta da shanta da maganinta, kuma a can za a yi aikin. Na zaci za ta ƙi. Da na gaya mata sai ta ci gaba da tsince wake da lalube, can ta ce, "To, in mutanen can sun matsa, ai ba a ƙi ta mutane ba."

"Mutanen can" shi ne Yaya. Yaran yanzu ba lallai su gane ba, don na ga uwayen zamani suna goya ɗan fari suna kiran sunansa a bainar jama'a. A wajen su Inna ɗan fari abin kunya ne. Tun da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi zuwa sashenta, a gida ɗaya dai, amma kamar gari da gari. Ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dube shi ba. In ya shigo gaishe ta sai ta juya wa bango fuska ta amsa a taƙaice. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko "ɗan gidan tsohuwa". Mu da muka tashi a cikin abin ba ma ganin sa, kamar yadda mutum ba ya jin warin ɗakinsa.

Yaya ya aiko da takardu dam guda. Na yi mata fasfo da hotuna da gwajin asibiti, aka ba mu ranar ganawa a ofishin jakadancin ƙasar a Legas. Ranar ta faɗo daidai lokacin da gyada ta fara shigowa kasuwa. Abokan sana'ata suka ce in wakilta wani, na ce uwa ba a aika mata wakili. A hanya na yi ta bita da ita kamar mai shirin jarrabawa: sunan garinmu, sunan marigayi, aikin da za a yi mata. Na ce, "Inna, za fa su tambaye ki sunan wanda ya gayyace ki." Ta ce, "To." Ni da na shekara ina ciniki da tsofaffi, na san "to" ɗin tsoho ba sallamawa ba ce, amma ranar nan na karɓe ta a matsayin an sallama.

Saboda ba ta gani sosai aka bar ni na shiga da ita a matsayin ɗan jagora, da sharaɗin in kama bakina. Wani bature ne matashi a bayan tebur, ga tafinta a gefensa, Bahaushe ɗan birni mai fara'a. Tambayoyin farko suka tafi sumul. Sai tafinta ya ce, "Inna, ya ce wa ya gayyace ki?"

Ta ce, "Wani yaro ne a can."

"Ya ce mene ne sunansa?"

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Shiru. Aka maimaita, shiru.

"To, ya ce ɗanki ne?"

"Ɗan tsohuwa ne. Ita ta rene shi."

Bature ya ɗaga gira ya duba takarda. Ya tambaya 'ya'yanta nawa ne. Da ma su Inna ba sa son ƙirga 'ya'ya, in kuma ya zama dole ba a sa na fari a lissafi. Inna ta ce biyar. Takarda ta ce shida. Na yunƙura zan yi magana, bature ya ɗaga mini hannu. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. In mutum ya kawo mini buhu ya ce gyada ce, na soka bututu na ga aya, ni ma ba zan saya ba. Ya buga hatimi ya turo mana fasfo, ya ce ba a gamsu akwai dangantaka tsakanin mai gayyata da wadda aka gayyata ba.

A waje tafinta ya biyo mu yana girgiza kai. Ya ce, "Alhaji, wallahi na gane abin tun tambaya ta biyu, kakata ma haka take. Amma aikina in juya abin da aka faɗa, ba abin da aka ɓoye ba. Kuna da damar sake nema. Ku dawo da hujja."

A cikin motar dawowa ban iya haƙuri ba. Na ce, "Inna, kalma ɗaya fa! Daga ke sai bature da ba zai ƙara ganin ki ba." Ta ce, "Kai ba ka wurin? Kai ba mutum ba ne?" Na ce to zan toshe kunne. Ta ce, "Allah fa? Shi ma za ka toshe masa?" Na ce ai Allah bai hana uwa kiran sunan ɗanta ba, kowane malami zai gaya mata. Ta ce, "Na sani. Ban ce haramun ba ne. Na ce ba zan iya ba. In sai da sunan nan za a buɗe idon, a bar ni da makantata, na ga abin da na gani a duniya." Amma da muka tsaya salla a hanya na lura da gefen mayafinta a jiƙe, kuma ba ruwan alwala ba ne.

Na je Kano gidan waya na yi layi na sami Yaya. Na zazzage masa komai, har da cewa ni na gaji, gyada tana wucewa, tsohuwa ta kafe. Ya yi dariya, irin dariyar da ba ta jin daɗi ba. Ya ce, "Kada ka matsa mata. Ni da ta haifa ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba kuwa bature ne zai riga ni ji ba." Ya ce zai sa lauya a can ya rubuta bayanin al'adar, ni kuma in samo shaidar dagaci da ta dattawan da suka san haihuwarsa, a rantse a kotu a Karaye.

Wajen haɗa shaidar nan ne Allah ya nuna mini ƙofa. Muna zaune a tsakar gida da ƙanin mahaifinmu, wanda muke kira Baffa, da Goggo ƙanwarsu, ana ƙoƙarin tuna shekarar da aka haifi Yaya. Inna tana bakin ɗakinta ta ba mu baya, wai ita ba ta cikin zancen. Baffa ya ce shi dai ya tuna da damina ce, shekarar da rijiyar masallaci ta rufta. Goggo ta ce haka ne, har an yi ruwa ranar suna. Sai muka ji Inna tana korar kaji da ƙarfi fiye da kima, tana cewa, "Kai, kaji, ku tafi can! Wasu dai ba sa riƙe abu a ka. Rijiya ta rufta da shekara biyu, kuma ana tsakiyar ɗaurin dawa ne, wane ruwa kuma?"

Goggo ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Ka ji ta! Da kaji take, ba da mu ba." Inna ta ce, "Da kaji nake mana."

Ni ban yi dariya ba, lissafi nake. A kasuwa akwai manomin da in ka ce "nawa?" ba zai taɓa buɗe baki ba, sai ya ce ka taya, kana tayawa yana cewa albarka. Irin wannan ba a tambayar sa. Sai ka damƙi gyadar ka murza, ka taɓe baki ka ce, "Wannan ai ta bara ce, kuma ƙasar yashi ce, ba mai." Nan take zai miƙe ya ba ka tarihin gonar tun daga kakansa, da ranar shuka da ranar cira, har kuɗin da yake so sai ya faɗa bai sani ba. Mai abu yana iya yin shiru a kan tambaya, amma ba ya iya yin shiru a kushe masa kaya. Na dubi bayan Inna na ce a raina, ashe ke ma mai kaya ce.

Ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba da zirga-zirga tsakanin Rogo da Karaye da Kano, yau alƙali ya tafi ta'aziyya, gobe magatakarda ba ya nan. Kafin takardu su kammala a sake ba mu rana, gyada ta bar hannun manoma ta shige siton abokaina, farashi ya ɗaga. Wani abokin sana'ata da muke tsokanar juna ya gan ni a tasha da jakar takardu a hammata, ya ce, "A'a, lauya! Nawa ake sayar da buhun takarda yanzu?" Na ce masa ya jira bazara zai ji.

Da muka koma Legas, a wannan karon wata baturiya ce dattijuwa mai gilashi, tafinta kuwa shi ne dai na da. Tun ana zaunar da Inna na ja shi gefe na raɗa masa abin da nake son yi, na ce ya gaya wa baturiyar a Turance, don ba na son a ce na yi ƙarya a gaban hukuma: zan faɗi abubuwa ba daidai ba da gangan, ita dai ta saurari tsohuwa, ta kuma duba abin da ke hannunta. Ya gaya mata. Ta dube ni ta saman gilashi na ɗan lokaci. Ta ce ta karanta bayanin al'adar da shaidar kotu, ba za ta nemi suna ba, amma takarda takarda ce, tana bukatar ta ji wani abu daga bakin matar nan da kanta. Ta ba ni izini.

Na gyara murya na ce da Hausa, yadda Inna za ta ji sosai, "Ranki ya daɗe, tunda ita ba za ta yi magana ba, ni zan yi bayani. Mutumin nan an haife shi da damina. Yana da tabo a goshi, a saman girar dama, jaki ne ya kayar da shi saboda ƙiriniya, don tun yana yaro ba ya jin magana."

Na ga yatsun Inna sun matse bakin mayafi. Na ƙara wuta. "Kuma rago ne, kullum yana kwance ba lafiya, sai da ya shekara uku bai taka ba. Ita kuwa da ma ba ta san komai a kansa ba, tunda ba ita ta..."

"Kai!" in ji Inna. "Kai, dillalin banza, ka ji tsoron Allah! A nan ma sai ka yi ƙaryar kasuwa?"

Tafinta ya fara juyawa da sauri.

"Hagu ne, ba dama ba. Kuma ba jaki ba ne, wane jaki? Bakin turmi ne. Tsohuwa ta aike shi ya kawo mata ludayi, yana gudu don kada ta jira, santsi ya ɗebe shi. Yaron da bai cika shekara ba ya taka, shi za ka ce rago? Wanda bai taɓa sa an ɗaga murya a kansa ba, shi ne ba ya jin magana?"

Baturiya ta zaro hoton Yaya daga cikin takardu ta matso da shi kusa da fuskarta. Ni na san tabon yana nan, siriri a saman girar hagu. Ta ce a tambaye ta, ita tana ina lokacin da ya faɗi.

Inna ta sunkuyar da kai har na ce shi ke nan, ta sake rufewa. Sai ta ce, a hankali, ba da kowa take ba, "Ina bayan zana. Ina kallo ta huda. Jini ya rufe masa ido yana kiran tsohuwa, tsohuwa tana bayan gida. Ga surukai cike da tsakar gida, ba dama in fita. Sai na cusa bakin zanena a baki na cije, har ta fito ta ɗauke shi. Zanen nan sai da ya huje." Ta ɗan numfasa. "Ta hudar nan na rene shi. Duk abin da ya ci na sani, duk rigar da ya sa na san wanda ya ɗinka. Ranar da zai tafi ƙasar taku ma ta nan na ga fitarsa, da wata jaka ruwan ƙasa mai tsinkakken hannu. To yanzu ko an huda zanar ba na gani. Shi ke nan abin da ya kawo ni."

Tafinta ya kai ƙarshen juyawa. Ni kuwa, da na zo da dabarata ina jin kaina gwani, sai na kasa ɗaga kai. Shekara talatin da wani abu ina gidan nan ban san da hudar nan ba.

Baturiya ta cire gilashi ta goge. Ta ce tambaya ɗaya ta rage, kuma ba sai an yi magana ba: za ta karanta sunan da ke takarda, in shi ne ɗan da ta haifa, ta ɗaga hannu kawai. Ta karanta sunan, a karkace irin na Turawa. Inna ta juya fuska ga bango, kamar yadda take yi in ya shigo gaisuwa, sannan ta ɗaga hannun dama sama sosai, ta bar shi a can har sai da tafinta ya ce, "Inna, ya isa, sauke."

Muna fita ta dungure ni a kafaɗa. Ta ce, "Da gangan ka yi." Na ce, "Ni? Mantuwa ce, Inna." Ta ce, "Uban mantuwa. Haka kake yi wa bayin Allah a kasuwa, ai ina jin labari." Ta ɗan taka kaɗan ta ƙara da cewa, "Allah ya yi maka albarka." Ban taɓa karɓar "albarka" mai daɗin wannan ba, mu da a sana'armu in an ce maka albarka an ƙi tayinka ke nan.

Ta tafi bayan ƙaramar salla. A lokacin kaset muke aika wa juna, don Inna ba ta karatu. Bayan wata biyu wani ɗan Kano da ya dawo hutu ya kawo mana kaset, muka taru a tsakar gida da su Baffa da Goggo aka kunna. Matar Yaya ce take ba da labari tana dariya. Ta ce an yi aiki lafiya. Ranar da aka cire bandeji, likita ya ce wanda take so ta fara gani ya tsaya a gabanta, Yaya ya tsaya. Inna ta buɗe ido, ta yi sauri ta kawar da kai ta dubi taga, ta yaba labule, ta yaba tsaftar ɗakin. Sai da ya fita sayo magani ta kira matar ta ce, "Ki gaya wa wancan ya rage tunani. Furfura tun ba a je ko'ina ba, har ta fi yawa ta gefen hagu."

Goggo ta yi guɗa ta ce, "Munafuka, ashe ta kalla!" Baffa ya yi ta share ido yana cewa hayaƙin murhu ne.

Ta yi shekaru a can, ta reni jikokinta, ta koya musu Hausa har da baƙar magana. Daga baya ta ce ƙasar da maƙwabci ba ya leƙo ka ba wurin mutuwa ba ce, ta dawo Rogo da idonta garau, tana zura zare a allura da kanta. Har ta koma ga Allah ba ta faɗi sunan nan ba, Yaya kuma bai taɓa nema ba.

In na zauna yin lissafin shekarar nan, ga yadda yake fita. Na rasa kaka guda, sitona ya kwana wayam, abokaina suka ci ribar bazara ina kallo, sai da na yi shekara biyu kafin in mayar da gurbin. Abin da na samu kuwa, tsohuwa ta ga ɗanta da idonta, shi kuma ya san cewa duk shekarun nan ana kallon sa. Na sha yin cinikin da na fi wannan cin kuɗi, amma ban taɓa yin wanda ya fi shi riba ba. Abin da ya koya mini shi ne, kada ka auna abin da ke zuciyar mutum da abin da bakinsa ya iya furtawa, kuma in ƙofa ta ƙi buɗuwa kada ka ce sai ka ɓalle ta. Zagaya ka duba, wataƙila mai ɗakin ya daɗe da yin huda yana leƙen ka.